Ranar da na kai kwamfuta bakin jinga

Shekarun baya, a wata damina da kogin Haɗeja ya cika ya batse, mai unguwa ya sa aka yi shela: kowane gida ya fitar da namiji, a je a ɗaga jinga kafin ruwa ya shigo gari. Mu kuwa namijinmu ɗaya ne, jikana, wanda nake tsokana da maigida.

Aikinsa a kwamfuta yake. Na sha tambayarsa, har wata rana ya ce, "Iya, akwai masu rubuta manhaja, abin da ke sa waya ta yi aiki. Akwai masu tsince musu kuskure tun ba a kunna ta ba, kamar yadda kike tsince tsakuwa kafin ki ɗora shinkafa. To ni faifan tsintar nake saƙa musu." Na ce Allah ya yi albarka, ban ƙara tambaya ba.

Ranar gayyar kuwa ta faɗo daidai da ranar da ya gama wani sabon faifai, abokan aikinsa na garuruwa suna jira. Na kasa zaune na kasa tsaye. In leƙa zaure, in ga maza na wucewa da shebur da buhuna, in dawo. Can maƙwabciyata ta ɗago murya ta kan katanga: "Iya, naku angon lalle aka sa masa ne?"

Na faɗa ɗakinsa. "Maigida, ba a taɓa kiran gidan nan sau biyu ba. Tashi."

"Iya, faifan nan gwaji yake yi. In ya ci karo da matsala ba na kusa, aikin jama'a zai tsaya."

"In jinga ta ɓalle fa, a kan ruwa za ka ƙarasa?"

Sai ya shimfiɗa mini tabarma gaban kwamfutar. "Ki zuba mata ido. In kore ya fito, shi ke nan. In ja ne, ki aika a kira ni. Kada dai ki rufe ta."

Ya fice, ya nufi bakin jinga. Haka na zauna, ni da ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, rubutu na gudu kamar kiyashi, ina jan carbi. Ƙishirwa ta kama ni, na ƙi tashi, kada launin ya zo ya wuce. Ana nan ana nan, sai ga ja.

In na aika, za a ce ya taɓa buhu biyu ya gudo gindin fanka, kuma wannan magana har 'ya'yansa sai sun ji ta. In na yi shiru, na ci amana. Na ɗauko daro, na sa kwamfutar a ciki a buɗe, na lulluɓe da zani, na naɗa gammo. Tafiyar hawainiya na yi cikin taɓo, ko waiwaye babu.

Wani dattijo ya hango ni. "Madalla, Iya ta kawo fura!"

"Furar maigida ce, ba a sha da ludayi."

Jikana ya zo, laka har gwiwa. Ya yaye zanin, ya dube ni. Ya goge yatsunsa a bakin mayafina, ya tsuguna kan buhun yashi, ya yi 'yan danne-danne, maza sun kewaye shi suna tsiya. Da koren ya fito, har da masu kabbara, alhali ba wanda ya san me aka ci. Ya mayar mini da ita a daro, ya koma ya ɗauki shebur, bai bar wurin ba sai da aka tashi.

Har yau ban san me ya lalace ba, ban san me ya gyara ba. Abin da na sani, yaran nan da muke gani a ɗaki ba zaman banza suke ba, akwai masu jiransu da idonmu ba ya gani. Amma unguwa ma tana jira, ita kuwa ba ta mantuwa. Wuyana ya daɗe yana ciwo, sai dai bakin maƙwabciyata ya mutu.