Taku Talatin da Ɗaya Daga Tsamiya

A garinmu ba a rubuta suna a kan kabari. Da ƙafa ake aunawa, daga gindin tsamiya. Tsofaffi sun ce a ƙarƙashin tsamiyar nan marinan da suka kafa garin suka fara sauka, suka haƙa ramukan rini a yamma da ita, suka ware gabas don binne matattu. Ni ban tarar da rini ba. Ramukan kawai na tarar, cike da toka da kashin awaki, muna tsallake su da gudu, har wani yaro ya karye a ɗaya aka cike su.

Ina shekara tara mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, da damina. Ba a je da ni binnewa ba. Bayan sadakar bakwai Baba ya kama hannuna ya kai ni gindin tsamiya, ya jingina bayana da ita, ya fuskantar da ni alƙibla, ya ce in tafi ina ƙirgawa har sai ya ce tsaya. Na yi taku talatin da ɗaya. A gabana tudun ƙasa ne da ruwan sama ya fara ci, an aza masa ƙaya saboda karnuka.

"Ka riƙe wannan," in ji shi. "Ni wata rana ba na nan."

Na riƙe ƙirgen kuwa kamar karatun allo, zuwan ne ban riƙe ba. Makarantar kwana ta ɗauke ni, aiki ya kai ni Kudu, Baba ya rasu a asibiti a birni aka binne shi can. Kowace shekara sai in ce da sallah zan je. Gani nake mutumin da ya san taku talatin da ɗaya ba shi da abin yi wa gaggawa. Wautata ke nan, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Birni dai bai jira ni ba. Ya haɗiye ƙauyen Bacirawa ya miƙo wajenmu, gonakin gero suka koma fuloti. Aka buɗe sabuwar maƙabarta mai katanga. Tsohuwar, da yake ba katanga ba alama, sai aka riƙa gutsurarta, wannan ya ɗan matso, wancan ya ɗan matso, kowa kuma da sahun gaba a masallaci.

Bara da rani na je. Ƙanin Baba, wanda shi kaɗai ya rage a tsararsu, ya ce mini tsamiya masu gidan burodi sun sare ta tuntuni, amma kututturen yana nan. Ya dogara sanda ya raka ni. Muka same shi a jikin shagon cajin waya, samari sun mayar da shi wurin zama. Na roƙe su suka tashi. Na tsaya a kai, na fuskanci alƙibla, na fara ƙirga. Na tsallaka hanyar da manyan motocin yashi suke bi, na sauka wani ɗan fili tsakanin gidaje biyu, nan talatin da ɗaya ta cika. Ba gini, ba kwata, sai ciyawa busasshiya. Na durƙusa na yi wa mahaifiyata addu'a, na yi kukan da ban yi ba ina yaro, na gode wa Allah da ya tsare mini wurin.

Tsohon ya bari na gama. Sannan ya tambaye ni shekaruna nawa ranar da na yi awon farko. Na ce tara.

"To ai da ƙafar yaro ka auna," ya ce a hankali. "Yau kuma ta babba ka zo da ita."

Na koma kan kututturen. Na riƙa jefa ƙafa ƙanana-ƙanana, ƙato da furfura, samarin suna kallona suna ƙunshe dariya. Talatin da ɗaya ta cika ina tsakiyar hanya, daidai inda tayoyi suka yi kwari a ƙasa. Ashe ɗazu mahaifiyata na taka na wuce, da na dawo ma na sake takawa.

Ina tsaye a nan wata motar yashi ta taho. Direban ya danna hon, ya leƙo ya ce, Alhaji, a ba mu hanya. Na matsa gefe, ya bi ta kanta.