Murfi Arba'in da Takwas a Tano Ɗaya

Har yau ban manta da ranar da na ƙone irin albasar ƙungiyarmu ba. A shekarar da babbar rijiyar garka ta rufta ne, makonni kaɗan bayan mun gama gyaranta.

Ƙungiyarmu ta masu noman rani ce a Badaguishiri, gida goma sha biyu. Muna yafa iri wuri ɗaya, idan ya isa dashe kowa ya ɗebi nasa. Ni aka ba aikin feshi, domin ina zuwa makarantar manya, ina iya karanta takardar malamin gona.

A makarantar aji uku ne. Na ɗaya tarawa da ɗebewa, na biyu ninkawa, na uku rabawa da awo. Na gama na ɗaya, sai na tafi cin rani Sakkwato. Da na dawo, abokaina sun kai na uku, na ji kunyar zama bayansu. Na roƙi malaminmu, Mushe Isufu, ya haɗa ni da su.

Ya ce, "Malam Hamidu, ba ka yi ninkawa ba. Duk lissafin aji uku kanta ya hau."

Na ce zan kamo. Ya bar ni don girmana.

Ranar, ƙwari sun kama irin. Takardar malamin gona ta ce murfi uku na magani a pompon feshi mai cin lita goma sha biyar. Don in rage zirga-zirga, na ce bari in haɗa gaba ɗaya a tano, wato durom, mai lita sittin. Na zauna da fensir. Daga sha biyar zuwa sittin, ruwa ya ƙaru da arba'in da biyar. Sai na ƙara wa maganin arba'in da biyar shi ma. Ya ba ni arba'in da takwas.

Na zuba. Kwalbar ta kusa ƙarewa, ruwan ya yi fari kamar nono, warin na hawa kai. Shekara ashirin ina garka, ban taɓa ganin haɗi haka ba. Amma na sake duba lissafin sau biyu, tarawar daidai take. Na bi takarda, na bar hancina.

Na gama fangali na ƙarshe ke nan Baba Tanko ya iso. Shi ne dattijon ƙungiya, bai taɓa riƙe fensir ba. Ya ɗaga kwalbar ya girgiza.

"Hamidu, ina maganin? Sha ka yi?"

Na nuna masa takardata. Bai ko kalle ta ba.

"Bar wannan. Pompo nawa tanon ke cikawa?"

"Huɗu, Baba."

"To uku, uku, uku, uku. Nawa ke nan, malamin boko?"

Sha biyu. Ni kuwa arba'in da takwas na zuba.

Muka kira duk wanda ke kusa, muka yi ta sheƙa ruwa a kan irin har hannuwa suka gaji. Malamin gona ya ce a waya sai an jira kwana uku a gani. A kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Kowace safiya ina tsugune bakin fangali ina duba ganye. Mata na wucewa suna cewa sannu, ba wadda ta tambaye ni komai. Ran na biyu bakin ganyen ya yi rawaya. Ran na uku ya kwanta.

Na kai wa Mushe Isufu takardar. Ya duba ya ce, "Tarawarka ba kuskure. Ba wurinta ba ne kawai."

Na ce ya mai da ni aji biyu. Na zauna da waɗanda na girme wa da shekara ashirin, muna rera uku sau huɗu.

Ku da kuka fara aji ɗaya a makarantar nan bana, abin da na gani ke nan: wanda ya tsallake aji bai san abin da ya rasa ba, da abin da ke hannunsa zai yi aiki, kuma takarda ba za ta hana shi ba.

Fangali ashirin da huɗu muka yafa. Shida suka tashi, sha takwas suka ƙone. Kwalbar magani ɗaya ta tafi, da kwana ashirin da biyar na ban ruwa. Gida uku ba su dasa albasa ba a shekarar.