Hular Lauyan da Na Ɗora Don Wasa

Ban gaji sata ba. Ubana tela ne a Fagge, ko ragowar ƙyallen mutum mayar masa yake yi. Na gama difloma na rasa aiki, sai wani kawuna ya samo mini biza zuwa Dubai, na zama magatakarda a wani shagon kago, wato na aika kaya gida, a Al Sabkha. Aikina auna kaya, liƙa suna, da cika wa Alhazai takardun da ba sa son wahalar karantawa. Ina da wurin kwana a Al Qusais, ina ci ina sha, ina aika wa Inna na cefane. To me na rasa? Wallahi har yau in na yi wa kaina wannan tambayar haushi ne ke turnuƙe ni.

Wata rana wani kwali ya fashe a shago. Fararen hulunan gashi ne da baƙaƙen riguna irin na lauyoyi, wani ɗan kasuwa zai kai gida ya sayar. Don wasa na ɗora hula, na zura riga, abokin aikina ya ɗauke ni hoto, na sa a waya kowa ya gani. Kafin la'asar an fara ce mini Barista. Da farko dariya nake yi. Daga baya na daina dariya, na fara amsawa.

Kun san mutanenmu. Wannan ya zo da maganar biza, wancan da rigimar haya, ni kuma ina gyaɗa kai ina zuba Turanci. Da aka fara tambayar inda na yi karatun lauya, sai na yi lissafi. In na ce Najeriya, wani zai buga waya Kano ya tona ni. In na ce Ingila, kowa yana da ɗan'uwa a can. Sai na zaɓi Ireland, don a zatona ba wanda ya san ko ina take. Na buga kati, na rubuta cewa ni solisita ne, wato lauya, na ƙasar Ireland, na manna hoton nan mai hula a kai. Ban taɓa zama na bincika yadda aikin yake a can ba. A ganina lauya lauya ne, hula hula ce.

Ana nan sai Habu ya zo. Direban motar ɗaga kaya ne a wani sito a Dubai Investments Park, mutum mai sanyin hali. Ƙanensa Nura yana Ireland, an ƙi sabunta masa izinin zama, an ba shi ɗan lokaci ya kawo hujjar da za ta hana a kore shi. Yana da 'ya ƙarama a can, sun rabu da uwarta. In aka kore shi, shi da yarinyar sai dai a waya.

Habu ya ce, "Barista, don Allah. Ni na riƙe yaron nan tun da babanmu ya rasu."

Na ce, "Khalas, shi ke nan, Malam Habu, kwantar da hankalinka. Irin wannan shwaiya ne, ƙaramin abu ne a wurinmu."

Na karɓi abin da ya tara, na sa a asusuna, na ce Nura ya turo takardunsa kuma kada ya je wurin kowa, kada a ɓata mini aiki. Wannan kalmar ta kada ya je wurin kowa ita ce ta fi ci mini rai. Ban rubuta wa kowa komai ba, don ban ma san wanda ake rubuta wa ba. Kullum Habu ya kira sai in ce inshallah mako mai zuwa.

Da Nura ya ga shiru ya yi yawa, sai ya shiga ofishin wata lauya ta gaske a garin da yake, ya nuna mata katina a waya. Abin da ta gaya masa Habu ne ya kawo mini har shago, a gaban Alhazai, ya tsaya kusa da sikeli yana faɗa.

Ashe a can aikin lauya kashi biyu ne. Mu a gida duk wanda ya gama sai ya ɗora hula a ɗauke shi hoto, a ce masa Barista. A Ireland solisita shi ne mai zama da kai a ofis ya riƙe maganarka, kuma ba ya sa hular gashi sam. Hula ta barista ce, mai tsayawa gaban alƙali, shi ma ba kowa ke sawa yanzu ba. Matar tana ganin hoton ta san ƙarya ce. Ta buɗe jerin sunayen da hukumar lauyoyinsu ke ajiyewa, wanda kowa zai iya dubawa, babu ni. Ta ce solisita sai ya sabunta lasisinsa kowace shekara, sai yana da inshora, kuma kuɗin mai ƙara asusu daban ake sa shi, ba a haɗa shi da na lauya. Ta ce da a ce Nura ya zo da wuri da akwai abin yi, amma lokacin ya wuce. Ta yi ƙoƙarinta duk da haka, bai yiwu ba, aka koro Nura gida.

Habu ya ce, "Hular ma ba ta aikin da ka ce kana yi ba ce. Ko ƙaryar ba ka iya ba, amma ka iya raba uba da 'yarsa."

Shi ya kai ni wurin 'yan sanda, wasu da na cuta suka biyo baya. Aka yanke mini hukunci, na yi zamana a kurkuku, da na gama aka ɗora ni a jirgi zuwa gida, aka rufe mini ƙofar Dubai. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai ta yi, da ma dukana ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na nemi Nura a Kano don in roƙi gafara. Na same shi a shagon cajin waya, yana magana da 'yarsa ta bidiyo. Ya yi mini alama in zauna. Yarinyar tana nuna masa gurbin haƙorinta da ya fita, yana ce mata ta gaishe shi da Hausa, ta kasa. Da layin ya yanke sai ya dube ni ya ce, "Nawa na yafe. Nata kuma, ka jira ta girma ka tambaye ta."

Yanzu ina taya wani ɗinki. Abin da ke ƙona mini rai shi ne samarin da ke jin labarina su ce ai da na yi bincike na cire hular da ba a kama ni ba. Haba! Wannan ne kawai abin da kuka ji? Ku saurara, ƙannena. Duk sunan da ba naku ba, kada ku amsa shi ko da wasa. In za ku ba lauya amanarku, a ko'ina yake, ku duba sunansa wurin hukumar ƙasarsa, kada riga ta ruɗe ku. Ni na tuba, na gama zaman da alƙali ya yanke mini. Wanda na yanke wa yarinyar nan har yau tana yin sa.