Likitan da Ya Yarda da Ciwona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, ina cikin aji ina koyarwa aka leƙo aka ce mini Allah ya yi wa Dakta Khamis Mu'azu, likitan haƙori na unguwar Wambai, rasuwa a hatsarin mota a hanyar Izom. Ban iya ƙarasa darasin ba.

Dakta, shekara huɗu ke nan da na fara zama a kujerarka. Wata bakwai na yi ina fama da turmin haƙorina na sama. Sau biyu aka wanke mini jijiyarsa a wani asibiti aka cike, ciwo bai tafi ba. Daga baya suka ce babu abin da ya rage a ciki, tunani ne kawai ke damuna. Hedimasta ya ce lalaci ne, har ya fara zancen takardar gargaɗi. A gida aka soma raɗe-raɗin iskoki. Ni kaina sai da na yi shakkar hankalina.

Kai kuwa ka saurare ni har na gama. Ka ɗauki hoton haƙorin ta fuska biyu, ka daɗe a bakin taga kana dubawa.

"Malama Sailuba," ka ce, "ba ƙarya kike yi ba. Hanyoyin jijiya uku suka wanke, naki kuwa huɗu ne. Ta huɗun siririya ce kamar gashi, ta ɓuya kusa da 'yar'uwarta. Kada ki ga laifinsu, Allah bai yi haƙora iri ɗaya ba."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Zama uku muka yi, kana bin hanyar nan da 'yar allura a hankali, kana tambayata ko da zafi. Tun daga nan ciwon bai sake dawowa ba. Ka rubuta wa hedimasta bayani da hannunka, ba tare da na roƙe ka ba.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. A wurin zaman makoki, Madam Lidiya mai ɗinki daga unguwar Bagama ta riƙe hannun matarka, Hajiya Tayyiba, tana cewa, "Mama, mijinki bai taɓa raina kukan mutum ba."

Allah ya jiƙan ka, Dakta, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Hajiya Tayyiba da yara, Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya zama gatanku. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.