Tabon Haɓa a Jikin Biyolon

Aji uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, malam ya ce in ba na baya wuri, ni kuwa ban yi masa gardama ba. Abin da Allah ya ba ni hannu ne. Na fara da gyaran rediyo, na koma talabijin, yau ga ni da furfura ina leƙen cikin wayar salula a wata rumfa a unguwar Kilomita Biyar. Ƙa'ida ɗaya na riƙe tun ina yaro: ba a mayar wa mutum kayansa da datti. Auduga, buroshin haƙori, alkol (sinadarin nan mai cin datti), sai abu ya yi ƙyalli sannan in miƙa.

Biyolon kuwa, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, a tsohuwar unguwarmu Miskine na san shi. Maƙwabcina Kirista ne, shi ke koyar da waƙa a cocinsu, katanga ɗaya ta raba mu. Wata rana ƙaron da yake shafa wa bakan gogen ya ƙare, ya iske ni ina liƙi da dalma, ya ɗauki ƙarona ya sansana, ya ce ai shi ne. Na gutsura masa. Ladana, ya ɗora mini gogen a kafaɗa ya ce in gwada.

Matata, Allah ya jiƙanta, ta ce ta zaci akuya ta maƙale a shinge. Shi kuma in na ja yatsa ina laluben murya sai ya ce, "Maƙwabci, ba rediyo ba ne, daina neman tasha!" Takardar waƙarsa ban taɓa iya karantawa ba, ni tsuntsaye nake gani a kan wayar lantarki. Da kunne na koya, duk Lahadi bayan la'asar, har yaranmu suka girma.

Da tashin hankali ya zo tsakanin Musulmi da Kirista, Miskine ta watse. Ni na nufo Kilomita Biyar wajen Musulmi, shi ya nufi wani gefen. A bakin ƙofa ya miƙo mini akwatin biyolon. "Inda za ni babu rufi," in ji shi. "Ka riƙe mini. Ka riƙa kaɗa shi, in an bar shi shiru lalacewa yake yi." Ba mu ƙara haɗuwa ba. Rasuwarsa ma sai da ta kwana biyu na ji.

Na riƙe amana iya sanina. In na rufe rumfa sai in ja labule in kaɗa kaɗan, mai shagon kusa yana tambaya ko wata waya ce ke kuka. A inda ake ɗora haɓa akwai wani baƙin tabo, gumin mai shi na shekaru. Kullum hankici nake shimfiɗawa a kai, kada nawa ya taɓa kayan mutane.

Bara 'yar maƙwabcin nawa ta aiko cewa ranar Asabar za ta zo karɓa. Da na sauko daga masallacin Juma'a na buɗe akwatin, na dubi tabon nan, kunya ta kama ni. Yaya zan miƙa wa marainiya kayan ubanta da dauɗa? Na jiƙa auduga da alkol, na murza yadda na saba. Audugar ta taso jawur. Tabon ya tafi, fentin ya bi shi, sai farin itace.

Ta zo a kan moto-taksi, babur ɗin haya, ita da rabonta da unguwar nan tun kafin rikici. Muka gaisa da Sango, yaren ƙasar. Tana buɗe akwatin, hannunta ya tafi wurin kai tsaye.

"Baba, ina tabon?"

Ta ce tana ƙarama nan take sa hancinta in ubanta ya fita. Gidansu ya ƙone, ko hotonsa ɗaya ba su tsira da shi ba. Saboda tabon ta tsallako unguwarmu.

"Ni na goge shi, 'yata. Jiya. Da alkol."

"Kamar waya."

"Kamar waya."

Mun daɗe a zaune, babura na wucewa. Can ta ce in kaɗa mata wani abu. Na ɗora shi a kafaɗa, na fara waƙar da ubanta ya fara koya mini. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Sake. Daga farko."

Ashe kafin in ja baka nakan buga diddige sau biyu, in ja numfashi ta hanci da ƙarfi. Ban taɓa sanin ina yi ba. Na ɗauka haka ake kunna abin, tunda haka na ga mai shi yana yi. Sau huɗu ta sa na sake, tana kallon ƙafata, hawaye na zuba.

Ta tafi da kayanta, haƙƙinta ne. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban sami bakin roƙo ba. Sai dai ita ba ta iya kaɗawa ba, kuma ta san abin da ubanta ya ce game da barinsa shiru. Duk Lahadin farkon wata takan kawo shi bayan la'asar. Tana shigowa take ɗauke kwalbar alkol daga teburina ta jefa a jakarta, ba ta mayar mini sai na rufe akwatin.