Takardar ɗan farin Laraba

Shekara ashirin da uku Laraba ta yi tana karanta ma'aunin ruwan sama da ke kafe a bayan ofishin noma na Filinge. Duk safiyar da aka yi ruwa sai ta ɗaga kwalbar, ta kanne ido ɗaya, ta rubuta. Mace ce mai tsini a baki, ba ta raga wa kowa ba, har manyan da ke zuwa daga Yamai. Mutum ɗaya kawai bakinta ke mutuwa a kansa: Hafizu, ɗanta na fari. Kamar kowace uwa mai kunya a ƙasarsu ta Kurfey, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da aka yaye shi ta miƙa wa yayanta Ɗandije, shi ya raine shi a ƙauyensu na wajen Bonkuku. In zancensa ya kama dole sai ta ce mutumin Yamai, don can yake aiki, ta kau da kai.

Bara wani porje, shirin taimakon manoma, ya kawo mataimaki na waya. Manomi zai yi tambaya da bakinsa, na'ura ta amsa. Ita na'urar ba ta ganin gari, ba ta taɓa ƙasa. Kayan aiki aka jera mata, wannan na duba ruwa, wancan na duba rahoton fara, kowane da ɗan bayani a rubuce. Abin da bayanin ya faɗa, shi ta sani. Sai aka tara mutum biyar da suka san ƙasar, har da Laraba, aka ce su karanta bayanan a bayyane, su faɗi inda ya gaza.

Aiki ya samu mai shi. Ta yi fata-fata da takardu goma sha ɗaya. Wannan bai ce kilo ko tiya ba, wancan bai faɗi abin da za a yi in amsa ba ta zo ba. Ta sha biyu ce ta ma'aunin ruwa, layi ɗaya tal: "Yana ba da yawan ruwan da ya sauka a Kurfey." Nan take ta ga ramin. Kwalba guda ce, tata, a Filinge. Kuma wa bai san ana iya sheƙa ruwa a Filinge, Bonkuku na ƙura ba? Ta buɗe baki ke nan idonta ya sauka kan sunan marubucin a ƙasan takardar: ɗanta ne. Abokan aikin suka fara murmushi, suna jiran su ji yadda za ta yi da ɗan fari. Kunya ta rufe ta. Yabo ba dama, gyara a gaban mutane ya fi muni. Ta kife takardar ta ce ya yi, a wuce.

A lokacin Ɗandije yana zaune a ɗakin zaurenta da iyalinsa, don hanyar ƙauye ta lalace da masu bindiga. Bai bar gona ba. Irin gero tiya shida ya rage masa, na kakansu, wanda ya hana yara ko da yunwa ta matsa. Tafiya ɗaya yake iya yi, ba biyu ba.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Laraba ta rubuta milimita talatin da huɗu. Ɗandije ya tambayi waya ko ruwan shuka ya sauka a gonarsa. Na'ura ta karanta layin Hafizu, ta ɗauko lambar Laraba, ta ce ya sauka, ya isa. Ya ɗaura amalanke yana ta alfahari, aikin ɗansa ne da na ƙanwarsa, ina ƙarya za ta fito? Laraba tana ofis, ba ta ji ba sai da ya yi nisa.

Ya tarar da yayyafi kawai aka yi, danshin bai kai yatsa biyu ba. Komowa da iri ta wannan hanya, a sake fitowa, ba zai yiwu ba. Ya shuka. Geron ya tsiro, ya yi kwana tara, rana ta ƙone shi. Wani maƙwabci ne ya kawo labarin.

Ɗandije bai zargi kowa ba, ya ce haka Allah ya so, abin da ya fi ci wa Laraba rai ke nan. Ta kwana biyu a gida. Ran na uku ta koma ofis, ta sa aka kira Yamai a gaban mutum huɗun nan, ta karɓi wayar da hannunta.

"Hafizu," ta ce.

Sai ya ce, "Inna, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Ɗauki alƙalami. Ka rubuta kwalba guda ta, a Hilinge take, ba ta san ruwan wani gari ba. Na gani tun ran da anka kawo takardag ga, ban hwaɗi ba."

Ta ji yana rubutawa. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Sannan ya tambaya, da murnar yaron da uwarsa ta kira sunansa yau, ko Baba Ɗandije ya samu shuka bana.

"Ya shuka," in ji Laraba. "Duka tiya shidan."