Dattijo Mai Gilashin Zare

Jiya abin ya faru da sabuwar ma'aikaciyar. Watanta ɗaya a aiki bayan gama jami'a, ta umarci kwamfutar ofis ta jero ɓangarorin faifan ajiya, sai allo ya fito wayam. Ta ɗauka ta goge aikin shekara goma!

Yanzu mai gyara na zaune a kujerarta. Dattijo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare, yana dannawa a hankali kamar wanda gaggawa ta taɓa yi wa ɓarna.

"'Yata, da izinin admin, mai iko da kwamfutar, kika tambaya?"

Ta girgiza kai.

"Ai ba a buɗe wa baƙo ɗakin ajiya."

Ya ƙara kalma ɗaya a umarnin da ta rubuta, shugaban ofis ya sa lambar sirri. Komai na nan.

Dattijon ya tashi ya ba ta kujerar.